Haikalin Da Ake Kankarewa

Babu abin da ya sha wa'azi a majami'unmu kamar jikin mace. An yi wa'azi a kan tsawon siket, an yi a kan wando, an yi a kan ɗankwali da gashin doki da jan baki. Akwai inda dattawa za su tsayar da amarya a bakin ƙofa ranar aurenta saboda wuyan rigarta ya sauka, sai an nemo mayafi an yafa mata. Amma duk wannan ƙwazo a kan tufa yake ƙarewa. Fatar da ke ƙarƙashin tufar, wadda ake ƙonawa da sinadari safe da yamma, da wuya ta samu ko minti biyar a kan bagade. Yarinya za ta tafi birni baƙa, ta dawo bikin Kirsimeti fuska ja, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, ta shiga layin mawaƙa tana yabon Mahaliccin da take goge aikinsa. Abin da za ta ji a bakin jama'a bayan sujada shi ne, "Kai, wance ta yi kyau, birni ya karɓe ta."

Muna magana ne a matsayin Kiristoci masu sujada da Hausa, daga Wusasa zuwa Kagoro, daga Gindiri zuwa Garkida, har Maraɗi. Mun san wannan cuta ba ta tambayar addini kafin ta shiga gida, kuma maƙwabtanmu Musulmi suna da malamansu da hujjojinsu a kanta. Mu tsakar gidanmu za mu share, gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba. Maganarmu ɗaya ce. Ikilisiyar da ta koya wa 'ya'yanta rufe jiki, ta ƙi koya musu karɓarsa daga hannun Allah da godiya, ta miƙa su ne ga 'yan kasuwa. 'Yan kasuwa kuwa ba sa fashin wa'azi. Nasu bagaden yana cikin wayar kowace yarinya, kuma a buɗe yake dare da rana.

Abin da ke cikin kwalbar

A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wata takarda a kan mayukan sauya launin fata, inda ta ambata cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da su. Ko da mutum ya ce a rage adadin, abin da zai saura ya isa ya hana barci. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Afirka ta Kudu ta hana sayar da mayukan kwalliya masu sinadarin haidirokwinon tun 1990, Kwaddibuwa ta kafa tata dokar a 2015, Gana ta biyo baya, Ruwanda ma haka. Gwamnatoci, da duk nawarsu, sun riga ikilisiya buɗe baki.

Baƙin fatarmu wani sinadari ne da jiki ke ƙerawa da kansa, sunansa melanin. Aikinsa tare zafin hasken rana kafin ya lalata abin da ke ƙasa, kamar yadda rumfa take tare wa ɗan kasuwa. Man bilicin rumfar nan yake yayewa, kuma yawanci da ɗaya daga cikin abubuwa uku yake yin haka.

Na farko shi ne haidirokwinon, wanda ke toshe hanyar da jiki ke bi ya ƙera melanin. Likitan fata yana iya ba da shi na ɗan lokaci don wani tabo. Idan aka daɗe ana shafa shi, sai ya juya ya haifar da wani irin baƙi mai shuɗi-shuɗi a kan kumatu da goshi, wanda kawar da shi ke da matuƙar wuya. Mace ta gudu daga baƙin da Allah ya ba ta mai santsi, ta faɗa wanda ta sayo da kuɗinta.

Na biyu shi ne sitiroyid, irin man da ake bai wa mai tsananin ciwon fata ya shafa na 'yan kwanaki. Masu haɗin mai suna matse tub-tub nasa cikin roba, su ce "organik" ne. Yana sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito fili, nankarwa ta tsattsage cinya da damtse, ƙuraje da ƙyasbi su samu wurin zama. Yana ratsawa cikin jini ya tayar da hawan jini da ciwon suga. Fatar da ya cinye ba ta saurin warkewa, kuma ranar da aka zo tiyatar haihuwa, ɗinki yana iya ƙin kamawa.

Na uku ita ce zaiba, wadda likitoci ke kira makuri. Ƙoda take ci, da jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Tana isa ga jaririn da ke ciki, tana bin ruwan nono, tana mannewa a tawul da zanen gado ta shafi miji da yara da ba su taɓa buɗe kwalbar ba. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda aka sa wa sunan wani gari a Japan da zaiba ta nakasa mutanensa, ta ƙayyade a wancan lokaci kada ta wuce kashi ɗaya cikin miliyan a kayan shafa. Gwaje-gwaje a ƙasashe da dama sun sha gano mayukan da suka ninka wannan iyaka sau dubbai.

Ba a fata kaɗai abin ya tsaya ba. Akwai ƙwayar da 'yan mata ke kira "sha ka fashe", da sauran magungunan ƙiba, waɗanda da yawansu deksametason ne, maganin da aka yi don masu asma da kumburi. Fuska takan kumbura, ciki ya fito, ƙafafu su rame, ƙashi ya yi rauni, mutane su ce ta murje. A ɗaya gefen kuma ga shayin rage tumbi da ake tallata wa mai jego da ba ta cika arba'in ba. Siririya tana neman ƙiba, mai jiki tana neman rama, baƙa tana neman fari. Kasuwar ba ta damu da wace siffa Allah ya ba mace ba, muddin dai ba ta gamsu da ita ba. Ranar da mata suka gamsu, ranar za a rufe shago.

Wa ya koya mata?

Abu mafi sauƙi shi ne a zagi yarinyar, kuma shi ne abin da ake yi in an tashi yin magana. Amma ruwa ba ya tsami banza. Ba a haifi kowace yarinya tana ƙyamar fatarta ba, koya mata aka yi, kuma malamanta suna zaune a kujerun gaba ranar Lahadi.

Ta ji an haifi ƙanwarta, mata sun zo barka, abin da suka fara yi shi ne duba bayan kunnen jaririya don su gane ko farin zai zauna. Ta ji gwaggonta tana cewa, "Wannan dai baƙin ubanta ta kwaso." Ta ji yayanta, wanda ke jagorantar addu'a a ƙungiyar matasa, yana dariya da abokansa yana cewa shi fara zai aura ko mayya ce. Ta ji ana yi wa farar mace kirari da alkyabbar mata, lantarkin gida, ta jira nata kirarin ba ta ji ba. Ta ga wadda ake zaɓa ta miƙa wa babban baƙo fure, da waɗanda ake jerawa a gaba a hoton ƙawayen amarya. Babu wanda ya zaunar da ita ya ce mata baƙi aibi ne. An bar ta ta yi lissafin da kanta.

A 2025 BBC ta ba da labarin wata uwa a Kano da ta shafa wa 'ya'yanta shida man bilicin har fatarsu ta ƙone ta yi tabo. Dalilin da ta bayar shi ne a cikin dangi an fi nuna ƙauna ga 'ya'yan 'yar'uwarta masu haske. Kowa ya yi Allah wadai da uwar. Mutum nawa ne suka tsaya suka tambayi dangin? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Harshenmu ma yana da nasa hannu. Muna cewa farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini, farar aniya da baƙar aniya. Ba mu ce a soke waɗannan kalmomi ba, dare da rana suka haife su, ba fatar mutum ba. Amma yaro ɗan shekara shida bai san wannan bambanci ba, musamman idan malamar Makarantar Lahadi ta ɗaga baƙar takarda ta ce wannan ita ce zuciya mai zunubi, ta ɗaga fara ta ce wannan ita ce wadda aka wanke. Yaron zai dubi takardar, ya dubi hannunsa. Abin mamaki, da annabi Ishaya ya tashi ba zunubi launi a sura ta farko ta littafinsa, ja ya ba shi.

Sai kuma hoton da ke rataye a falo. Fuskar Yesu da yawancinmu muka tashi da ita, mai gashi ruwan zuma da farar fata, ta yi kama da zanen da wani Ba'amurke mai suna Warner Sallman ya yi a 1940, wanda aka buga fiye da sau miliyan 500. Babu ɗaya daga cikin littattafan Bishara huɗu da ya bayyana launin Yesu ko tsawonsa ko siffar hancinsa. Bayahude ne mutumin Galili, masassaƙi, mai tafiyar ƙafa cikin rana. Ya yi kama da mutanensa har sai da Yahuza ya nuna shi da sumba kafin masu kama shi su gane wane ne a cikin taron. An ba 'ya'yanmu Mai Ceto mai kama da Bature, an ba su Shaiɗan baƙi wuluk a wasan kwaikwayon Ista, sannan ana mamakin inda suka samo ra'ayin cewa haske ya fi kusa da Allah.

Son kai da ƙaunar kai

Da zarar an ce Kirista ya ƙaunaci kansa, sai wani dattijo ya gyara zama ya ce wannan koyarwar duniya ce, ai an ce mu yi musun kanmu mu ɗauki gicciye, kuma Bulus ya lissafta masu son kansu cikin alamun kwanakin ƙarshe. Muna girmama wannan tsoro, domin yana da tushe. A Hausa "son kai" ba yabo ba ne. Mai son kai shi ne wanda ke cinye rabon marayu, wanda ke ɗebe nama ya bar wa yara romo. In an ce so duka so ne amma son kai ya fi, habaici ake yi wa halin ɗan Adam. Wannan son kai zunubi ne jiya, zunubi ne yau.

Amma a duba da kyau. Yarinyar da ke kashe rabin albashinta a kan mai, tana ɓoye hannuwanta in za a ɗauki hoto, ba ta iya fita sai ta tsaya awa guda gaban madubi, ba ta iya saka hotonta a Facebook sai filta ta canja mata fuska, wa take tunani dare da rana? Kanta. Ƙin kai yana ɗaure mutum a jikin madubi kamar yadda girman kai ke yi. Wanda ya karɓi jikinsa ya huta, shi ne ke da sararin da zai ɗaga kai ya ga maƙwabcinsa. Da aka tambayi Yesu doka mafi girma, ya haɗa ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci, kuma mudun da ya bayar na auna ta biyun shi ne yadda mutum ke ƙaunar kansa. Wanda mudunsa ya fashe, da me zai auna wa wani? Uwar da ta tsani baƙinta za ta tsane shi a jikin 'yarta, ko da ba ta faɗa ba.

Musun kai da Yesu ya nema shi ne mutum ya sauke son zuciyarsa a gaban nufin Allah. Ta wannan ma'auni, wadda ta ajiye kwalba ta yarda a yi mata dariya ita ce ta yi musun kanta. Wadda ke kankare abin da Allah ya zaɓa don ta samu abin da ranta ke so, nata nufin ta ɗora a kan nasa.

Raina jiki kuma ba baƙon kuskure ba ne ga ikilisiya. Tun ƙarnonin farko aka samu masu koyar da cewa ruhu ne kaɗai mai tsarki, jiki ƙazanta ne, har wasunsu suka ce Yesu bai ɗauki jiki na gaske ba, kama kawai ya yi. Agustin na Hippo, ɗan Arewacin Afirka, ya shafe kusan shekara tara cikin ɗarikar Mani mai irin wannan ra'ayi kafin a yi masa baftisma a shekara ta 387, kuma daga baya ya yaƙe ta da alƙalaminsa. Ikilisiya ta kira wannan koyarwa ɓata. Shi ya sa duk ranar da muka tashi tsaye muka faɗi Shaidar Bangaskiya, muna shaida tashin jiki daga matattu. Abin da Allah ya yi alkawarin tayarwa ba abin yarwa ba ne.

Littafin ba ya tare da masu kwalba

Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, don haka ba wanda zai ce an ɓoye masa. Littafin Farawa ya ce an yi mutum cikin kamannin Allah, kuma daga ƙurar ƙasa aka siffata shi. Bai ware wani launi ya ce shi ne asali ba. Tsohuwar ƙaryar nan da masu cinikin bayi suka yaɗa, wai baƙar fata la'anar Ham ce, sura ta 9 da kanta ta ƙaryata ta: Kan'ana Nuhu ya la'anta, kuma babu maganar launi a wurin ko kaɗan.

A Littafin Ƙidaya sura ta 12, Maryamu da Haruna sun yi gunaguni a kan Musa saboda matar da ya aura, mutuniyar Kush, ƙasar baƙaƙen mutane da ke kudu da Masar, inda Sudan take a yau. Allah ya tsaya wa Musa. Maryamu ta kamu da kuturta, fatarta ta yi fari fat, aka fitar da ita bayan zango kwana bakwai. Duk surukar da ke yi wa matar ɗanta gori a kan baƙi, ya kamata a karanta mata wannan sura a hankali.

Amaryar da ke magana a farkon Waƙar Waƙoƙi mace ce da rana ta dafa a aikin gonar inabi, kuma ta ambaci baƙinta da kyanta a numfashi ɗaya. Ƙaramin harafin Ibrananci da ya haɗa kalmomin biyu yana iya nufin "kuma", yana iya nufin "amma". Tsohuwar fassarar Girkanci ta ɗauki "kuma". Jerom, da ya fassara zuwa Latin wajen shekara ta 400, ya ɗauki "amma", Turai ta bi shi shekaru aru-aru. Har yau wannan "amma" tana yawo a bakin mutanenmu: "Baƙa ce, amma fa tana da kyau." Mai faɗa yana ganin yabo ya yi. Wadda aka faɗa wa ta ji abin da aka ce, wato kyanta ya zo ne duk da baƙin.

Sama'ila, annabi guda, ya ga tsawon Eliyab da kwarjininsa ya ɗauka ya ga sarki, Allah ya tsawata masa a kan duban siffa. Lai'atu ce matar da Yakubu bai so ba, Rahila ce kyakkyawar da ya yi wa bautar shekara 14, amma ta tsatson Lai'atu, ta ɗanta Yahuza, Dawuda ya fito, Almasihu ya fito. Ebed-melek mutumin Kush ne ya ciro Irmiya daga rijiya lokacin da 'yan ƙasarsa suka jefa shi. Zakka gajere ne har sai da ya hau itace, kuma a gidansa Yesu ya sauka. Da almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka tambaya zunubin wa ya jawo, Yesu ya ƙi tambayar tun daga tushe.

Bulus ya kira jikin mai bi haikalin Ruhu Mai Tsarki, ya ce ba mallakar mai shi ba ne, saye aka yi da tsada. Ana yawan jawo wannan aya a kan giya da taba da fasikanci, kuma daidai ne. To wane dalili ya sa take yin shiru in an zo kan zaiba? Da wani zai shigo majami'a da ruwan batir ya fara kankare bango don launin bai yi masa ba, da dattawa sun kira 'yan sanda. Ga haikalin da ya fi bango daraja ana kankarewa a kowane layi, ana ce wa mai shi ta yi kyau.

Abin da ya fi duka nauyi shi ne wannan. Da Yesu ya tashi daga matattu, da tabon ƙusa ya tashi, kuma shi ya nuna wa Toma. Jiki mafi ɗaukaka da muka sani yana da tabo. Mai nankarwar haihuwa, da mai zanen gado a fuska, da mai tabon ƙuna, da wanda shan inna ta taɓa wa ƙafa, duk suna da abin riƙewa a nan.

Masu cewa

Akwai mai cewa, "Jikina ne, kuɗina ne." A gaban doka wataƙila haka ne. A gaban gicciye mun riga mun ji amsar Bulus. Ban da haka, zaɓin da aka yi don gudun gori ba 'yanci ba ne, kuma jaririn da ke shan zaiba a nono ba a nemi shawararsa ba.

Akwai mai cewa, "Ai kwalliya ce, kamar lalle da kwalli da kitso." Lalle yana zama a kan fata ya goge, fatar tana nan yadda take. Kitso ana tsefe shi. Ba mu da faɗa da ado, kuma ba mu ce mace ta zauna busu-busu don ta nuna tsoron Allah ba. A yi wanka da sabulun salo, a shafa man kaɗanya, baƙar fata ta yi sheƙi kamar yadda ta saba tun kaka da kakanni. Ado yana fito da abin da ke nan. Bilicin yana kashe shi.

Akwai mai cewa, "To in haka ne, mai ƙiba kada ta rage, mai ƙuraje kada ta nemi magani." Ba haka ba ne. Wanda ya ɗauki jikinsa amana shi ne zai rage gishiri in likita ya ce, ya yi tafiyar ƙafa, ya kai tabonsa asibiti. Bambancin a bayyane yake: magani yana mayar da jiki ga lafiyarsa, bilicin yana karɓe lafiyar ya ba da launi.

Akwai kuma mai cewa, cikin hawaye, "Ba a auren baƙa." Wannan ita ce hujjar da ta fi ciwo, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, kuma amsarta tana wuyan maza. Saurayin da ke zagin masu bilicin a TikTok amma ba ya gaishe da kowa sai mai haske, shi ne babban dillalin wannan kasuwa. Mijin da ke ce wa matarsa ta dubi wance, shi ya sayo kwalbar ko da bai je shago ba. Sa'an nan idan fatar ta lalace bayan shekara goma, shi ne na farkon juya baya.

Kada kuma a juya wannan magana ta zama gori ga waɗanda Allah ya yi farare. Farin da aka haifa da shi kyauta ce kamar baƙin. Al'ummar da ke bautar haske ita ce kuma ke tsokanar zabiya a hanya, alhali rashin melanin ɗin da wasu ke saye da kuɗi shi ne ke jefa zabiya cikin haɗarin sankarar fata. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa babu hankali a cikin ma'aunin.

Abin da muke nema

Muna neman fastoci da rabaran-rabaran su hau bagade su yi wannan wa'azi da sunansa, su fara da maza da iyaye kafin su zo kan 'yan mata. Wanda ya iya ware Lahadi guda don baikon gini zai iya ware guda don haikalin da ke numfashi.

Muna neman Zumuntar Mata, wadda babu ƙungiyar da ta kai ta ƙarfi a ikilisiyoyin ECWA da COCIN da EYN da HEKAN da sauransu, ta gayyato ma'aikatan lafiya cikin 'ya'yanta su yi bayani a taron mako. Ta kuma hana tallar man haɗi a zaurukanta na WhatsApp, ko da mai sayarwar matar dattijo ce. Kwamitin aure da ke tura masu shirin aure gwajin jini ya ƙara tambaya ɗaya ga ango: shin ka karɓi wannan mace yadda take, har da yadda za ta koma bayan haihuwa huɗu?

Muna neman malaman Makarantar Lahadi su sake duba takardunsu masu launi da hotunan da suke nuna wa yara. Muna neman iyaye su tsare bakinsu ranar barka da ranar suna. Uba ya ce wa 'yarsa, "Uwata, kin yi kyau," tun tana shekara uku, domin kada ta je neman wannan kalma a bakin wanda zai sayar mata da ita.

Ga 'yar'uwar da ta riga ta shiga kuma take son fita, muna cewa: ki je wurin likitan fata ko asibiti mafi kusa, ki tafi da kwalbar a hannu. Man da ke da sitiroyid da ƙwayar ƙiba ba a yanke su rana ɗaya, a hankali ake janye su, domin tsayawa farat ɗaya yana da nasa haɗari. Fatar za ta yi duhu, wataƙila fiye da dā na ɗan lokaci, ƙuraje suna iya fitowa. Wannan lokaci ne mafi wuya, kuma a nan ne za a gane ko ikilisiya ikilisiya ce. Duk wanda ya ce mata, "Wance, lafiya kika yi baƙi haka?" ya sani ya tura ta shago. Abin da take bukata shi ne mace ɗaya da za ta zauna kusa da ita a benci ta ce, "Sannu da dawowa, 'yar'uwa."

Hausawa sun ce jiki ya fi kunne ji. Shekara da shekaru jikunan 'ya'yanmu suna ɗauke da saƙon da aka aika musu, a rubuce a kumatu da gaɓoɓin yatsu da ƙoda. Masu wa'azi suna da littafin da ke cewa Allah ya dubi abin da ya yi ya yaba. Su buɗe shi a wannan shafi ranar Lahadi mai zuwa, su dubi fuskokin da ke gabansu, su faɗa musu cewa har da su ake nufi.